Hannun Injin

Injin niƙanmu ya girmi 'yata Radiyya, ita kuwa Radiyya yanzu 'ya'yanta uku a Utai. Irin tsohon injin dizal ɗin nan ne mai ƙatuwar tayar ƙarfe a gefe, ba makulli, ba batir. Sai an zura masa wani lanƙwasasshen ƙarfe an wana, an wana, har tayar ta ɗauki gudu, sannan a saki wani ɗan ƙarfe da ke samansa wanda muke kira liba, ya yi tari ya kama. Shi wannan lanƙwasasshen ƙarfen hannu muke ce masa. Tun da aka kawo ni gidan nan mutum ɗaya na sani yana taɓa shi, wato maigidana, wanda duk Wudil ke kira Maikano, ni kuma nake kira Malam.

Rumfar injin a jikin gidanmu take, ƙofa ɗaya tana kallon layi, ɗaya tana shiga tsakar gida. Idan Malam ya dawo daga sallar asuba sai ya cire rigar sama, ya yi bisimilla, ya kama hannu. Ni kuma in tsaya ta ɗaya gefen, yatsana a kan liba, ina jira ya ce, “Saki.” Da can yaranmu maza ne ke tsayawa a nan. Da suka watse neman na kansu, Mudassir ya tafi Kano tuƙin keke, Garzali ya bi 'yan shanu kudu, sai aikin ya dawo kaina. Ban ƙi ba. Da injin nan muke ci, da shi muka aurar, kuma duk safiyar da bai tashi ba masu ƙosai da masu awara ba za su zauna kallon kyawunmu ba. Akwai injin Gambo a bakin tasha, wanda ake murɗa wa makulli kamar mota.

Tun damina kafaɗar Malam ta dama ta fara ba shi wahala. Ba faɗuwa ya yi ba, ba wani abu ya same shi ba, shekaru ne kawai suka zo. Wana hannun da a da yake yi yana hira da mutane, yanzu sai ya yi ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya sake kamawa. Tayar ba ta gama ɗaukar gudu ba zai ce in saki, don ƙarfinsa ya ƙare, injin ya yi tari biyu ya mutu. Kowane gwaji sai ya ci wani abu a jikinsa, ina gani da idona. Matan layi kuma suna tsaye da bokitansu, su ma suna gani.

Na ce masa, “Malam, Mudassir ya ce akwai masu sa wa irin injin nan sitata da batir a Kano, ya riƙa tashi da makulli. Ka bari ya kawo su mana.”

“Ba na so.”

“To ka bari wani ya riƙa kama maka hannun da safe. Ga samari nan suna zaman banza a bakin masallaci.”

Ya ce ubangidansa da ya koya masa aikin ya gaya masa inji hannu ɗaya yake sani, ranar da hannu biyu suka wana shi ya lalace ke nan. Na ce ubangidan nan naka fa ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, kuma injinsa 'yan gwangwan ne suka auna a sikeli. Ban kyauta ba, amma na gaji. Bai sake yi mini magana ba sai bayan la'asar, shi ma tambaya ya yi ina man zafinsa.

A cikin wannan hali ne Malam Timothy ya fara zuwa. Malamin Turanci ne a jami'ar nan ta garinmu, mutumin Kaltungo, shi da matarsa Hannatu da ɗansu ƙarami suna haya a bayan layinmu. Dogo ne siriri, da tabarau, takalminsa kullum a goge. Ranar farko da na gan shi a cikin layin mata da ɗan bokitin masararsa, na ce a raina to yau kuma ga sabon salo. Mairo mai ƙosai, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta tambaye shi ko matarsa yaji ta yi. Ya yi dariya ya ce a'a, hanyar makaranta ce ta biyo da shi. Ya gaida Malam gaisuwa mai kyau, har da rusunawa, ya tambayi gida da iyali da gajiya, sannan ya koma gefe ya tsaya.

Da ya tsaya a gefen ya yi shiru, da ni da shi ba za mu taɓa samun matsala ba. Amma mutumin nan yana da baki.

Wata safiya Malam ya wana ya saki, ya wana ya saki, injin ya ƙi. Ya jingina da bango yana haki. Rumfar ta yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsa. Sai Malam Timothy ya ajiye bokitinsa ya gyara murya.

“Inna Mairo, kin san abin da ke cikin injin nan yana hawa yana sauka? Wanda makanikai ke ce wa fistin?”

“Ina zan sani, Malam Timothy? Ni wake na kawo.”

“To taɓarya ce.”

“Kai dai Malam.”

“Allah kuwa. Kalmar daga bakin mutanen Italiya ta biyo, kuma asalinta daka take nufi, irin dakan da kuke yi a turmi. Da suka ga ƙarfe yana hawa yana sauka a cikin rami, ba su wahalar da kansu neman sabon suna ba.”

Mairo ta riƙe haɓa. “Au, ashe daka muke zuwa a yi mana, mu da muka gudo daga daka.”

Aka kwashe da dariya, duk suka juya wajensa, wannan ta ce kaza waccan ta ce kaza. Ni yatsana yana kan liba, bayana yana ciwo, ina jira a gama wannan shirme. Can Malam ya miƙe daga jikin bango, ya kama hannu, ya wana, ya ce in saki, injin ya kama.

Daga ranar abin ya zama kamar karatun safe. Kullum yana nan da ɗan bokitinsa, kullum da sabuwar kalma. Totur, in ji shi, daga maƙogwaro ya samo suna a Turanci, don maƙogwaron injin kake matsewa ko ka saki. Cok ɗin babur shaƙewa yake nufi. Bawul a wurin mutanen da can ƙyauren ƙofa ne, mai buɗewa ya rufe. Batir asalinsa duka ne, daga duka ya koma sunan manyan bindigogi da aka jera suna dukan ganuwa, daga nan ya koma abin da muke sa wa tocila. Mota kuwa, ya ce, ba ta nufin komai sai mai motsarwa. Ranar da ya ce dizal sunan wani Bajamushe ne da ya ƙera irin injin, Yelwa mai awara ta ce to Allah Ya rufa asiri da ba Maikano ne ya ƙera ba, da yanzu galan ɗin maikano muke saye. Har Malam sai da ya murmusa, shi da dariya ke yi wa wuya.

Ni kam abin ya ishe ni. Mutum ya tashi tun duhu, ya ɗora ruwa, ya share rumfa, ya zo ya tsaya a sunkuye yana addu'a a zuci Allah Ya sa yau ƙarfen nan ya tashi, sannan wani mai gogaggen takalmi ya tsaya yana ba da labarin bindigogin Turawa. Na sha cewa a raina, wannan ɗalibansa ba su ishe shi ba ne?

Wata rana na kasa haƙuri. Malam ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa ya kasa, ya koma jikin bango. Malam Timothy ya fara.

“Ita kalmar injin kanta, can asalinta a harshen Latin, basira take nufi. Baiwar da aka haifi mutum da ita. Sai daga baya aka riƙa kiran abin da basirar ta ƙera da sunanta, har…”

Na ce, “Malam Timothy, don girman Allah, basirar nan za ta markaɗa wa Mairo wake? Rana fa tana yi.”

Ya tsaya da bakinsa a buɗe. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, “Ki yi haƙuri, Maman Radiyya.”

Rumfar ta yi tsit, kuma da aka rasa abin kallo sai duk idanu suka koma kan Malam. Numfashinsa bai gama dawowa ba, amma ba zai iya tsayawa ana kallonsa ba, sai ya kama hannu. Bai kai ko'ina ba ya ce in saki. Ko tari injin bai yi ba. Yelwa ta sunkuya ta ɗauki bokitin waken suyarta, ta ce bari ta leƙa gida ta dawo, ta bar yaro shi kaɗai. Duk mun san Yelwa ba ta da ƙaramin yaro, kuma mun ga ta wajen tasha ta nufa. Sai da rana ta fito sosai injin ya tashi ranar.

Da yamma ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallama. Hannatu ce, matar Malam Timothy, ɗauke da ƙullin buhu a ka. Mun san juna a layi da wajen suna, amma ba ta taɓa shigo mini ba. Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, na tambayi yaro, ta tambayi jikin Malam. Sannan ta tura mini buhun.

“Garin masara ne, Mama. Don Allah ki karɓa, ko ki ba wani. Mun rasa yadda za mu yi da shi.”

Na buɗe. Gari ne mai kyau, niƙanmu ne, na san shi.

Ta ce, “Mu uku ne a gidan, ɗayan ma bai fara cin tuwo sosai ba. Shi kuma kullum sai ya ɗebi masara ya fita. Na cika roba, na cika tukunya, har ƙwari sun fara shiga.”

Na ce, “To me ya sa yake kawowa kullum? Ko hirar ce ke masa daɗi?”

Ta yi 'yar dariya. “Hira? Mama, mutumin nan a gida sai ya wuni bai yi magana goma ba. Da yamma zai zauna yana neman kalmomin inji, in na tambaya ya ce na gobe yake shiryawa. Ya ce mini Baba Maikano yana bukatar ɗan lokaci tsakanin gwaji da gwaji, kuma bai kamata dattijo ya tsaya yana haki mata suna kallonsa ba. Ya ce shi bai isa ya ce a ba shi hannun ba, abin da ya iya ke nan.”

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, na hau gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi. Ita ba ta san abin da na yi wa mijinta da safe ba, ko kuma ta sani ta rufa mini asiri. Da za ta tafi ta ce jibi za su wuce gida Kirsimeti, sai bayan sabuwar shekara in Allah Ya kai mu. Na raka ta har zaure, na dawo na zauna a kan tabarmar, tankaɗen ma ban ƙarasa ba.

Washegari na ɗauka ba zai zo ba, sai ga shi da bokitinsa. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Wannan karon na sa ido. Muddin Malam yana wana hannun, bakin mutumin a rufe yake. Da Malam ya saki hannu ya nufi bango, sai ya matsa can ɗaya ƙarshen rumfar, wajen ƙofar layi, yadda duk mai kallonsa sai ta ba Malam baya. Amma ya yi shiru yana satar kallona, yana tsoron bakina.

Na ce, “Malam Timothy, jiya ba ka ƙarasa mana ba. Shi sitatan da Mudassir ke damun mu da shi fa, daga ina ya fito?”

Ya dube ni ta saman tabarau, na dube shi. Ya gane.

“Yauwa, Maman Radiyya. Sitata mai tayarwa ke nan. Ita kuma kalmar da ya fito daga cikinta, a tsohon Turanci ba farawa take nufi ba, zabura take nufi. Kamar mutum yana zaune a ce masa ga maciji, ya yi wuf ya miƙe.”

Mairo ta ce, “To ai gara a ce wa injin nan ga maciji.”

Na ce, “Shi hannun fa? Me Bature ke ce masa?”

“Kuranki. Asalinsa abin da ya lanƙwashe. Tun ba a san inji ba masaƙansu suna da wani lanƙwasasshen itace da suke juya zare da shi, daga nan sunan ya taso.”

Na yi ta jefa masa tambaya, wadda na damu da ita da wadda ban damu ba, ina sauraren numfashin Malam ta bayan kunnena. Da na ji ya daidaita sai na yi shiru, shi ma ya yi shiru. Injin ya tashi. Da na zuba masa garinsa a bokiti na ce Allah Ya kai su lafiya, a gaida mutan gida. Ya ce amin, ya sunkuyar da murya ya ce in yi ƙoƙari in shawo kan Baba kafin sanyi ya ƙara ƙarfi. Na ce to.

Sanyi kuwa ya ƙara ƙarfi. Wanda ya san injin dizal ya san ba abin da ya tsana kamar sanyin asuba. Mai ya yi kauri, ƙarfe ya ƙame, tayar ta yi nauyi kamar an cika ta da yashi. Kullum sai na tafasa ruwa na zuba masa, Malam ya kunna tsumma ya kara a inda yake shaƙar iska, duk da haka sai an sha fama. Kuma yanzu ba mai magana. Na gwada da kaina. Ran farko da Malam ya jingina da bango na ce, “Wai kun san fistin taɓarya ne?” Mairo ta ce, “Ai mun ji wannan, Rahinatu.” Na kawo zancen tsadar wake, aka amsa mini da kalma biyu aka koma kallon bango. Ashe riƙe hankalin mata masu sauri ba ƙaramin aiki ba ne, ni ban iya ba.

Layin ya fara raguwa. Yelwa ba ta dawo ba. Wasu 'yan mata biyu da ke kawo markaɗen gidan biki suka daina zuwa. Na sake yi wa Malam maganar sitata, ya ce in bar shi ya ji da abin da ke damunsa. Da yamma in shafa masa man zafi, in ji kafaɗar tana ƙara a ƙarƙashin tafina, shi kuma ya kafe ido a rufin ɗaki. Na gaji da roƙo, na gaji da tsoro, na gaji da tashi kullum da faɗuwar gaba.

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa. Ranar da Mairo ke jiƙa wake ninki biyu saboda fatake da 'yan kara, ranar da ko mai ƙaramin talla sai ta kawo markaɗe. Rumfar ta cika kamar da. Sanyin ranar har haƙora yake kaɗawa. Na zuba ruwan zafi, Malam ya kara tsumma, ya yi bisimilla ya kama. Ya gwada ya huta, ya gwada ya huta, hutun ma ba ya bari ya kai, saboda idanu. A gwajin ƙarshe na ji da kunnena tayar ba ta kai ba, ko kusa ba ta kai ba.

“Saki.”

Na yi jinkiri.

“Na ce ki saki.”

Na saki. Injin ya ja, ya kasa haurawa, ya dawo da baya da ƙarfinsa duka. Hannun ya ƙwace ya juyo ya daki wuyan hannun Malam. Ƙarar da na ji ba ta ƙarfe ba ce. Mata suka hau salati. Shi kuwa ya riƙe hannun nasa da ɗaya hannun a ƙirjinsa, ya tsaya kaɗan, sannan ya juya ya shiga gida a hankali, ya bar rigarsa a rataye a ƙusa.

Na bi shi. Na same shi zaune a bakin gado, gumi yana keto masa a cikin wannan sanyi, wurin har ya fara kumbura. Na ɗauki waya na kira Isyaku mai ɗori, ya ce ga shi nan. Na tsuguna zan duba, Malam ya janye.

“Koma, akwai mutane. Ki ba su haƙuri, ki ce yau su je wurin Gambo.”

Na fito da niyyar faɗin haka, Allah Ya sani. Na tarar wasu har sun ɗora bokiti a ka. Mairo ce kaɗai ba ta motsa ba.

“Yaya jikin nasa?”

“Mai ɗori yana hanya.”

“Allah Ya sawwaƙe.” Ta dubi wakenta, ta dube ni. “Rahinatu, tun jiya ya jiƙa. In na je tasha yanzu layi zan tarar har bakin titi. Kuma kin san in aka saba da can an saba ke nan.”

Na sani. Hannun injin yana nan a ƙasa inda ya faɗi, cikin dusa. Shekara da shekaru ina share gefensa ban taɓa ɗaga shi ba. Na tsaya ina kallonsa, kuma gaskiya ba tsoron ya buge ni nake yi ba. Tsorona kar ya ƙi tashi, tsorona kuma kar ya tashin, don ɗakin Malam bango ɗaya ne tsakaninsa da rumfar.

Na ɗaure zanina da kyau, na ɗauka. Ya fi yadda nake zato nauyi, kuma wurin riƙon ya yi santsi, ya lotsa daidai tafin mutum ɗaya.

“Mairo, zo ki sa yatsa a nan. Kar ki saki sai na ce.”

“Ke, Rahinatu.”

“Zo mana.”

Ta ajiye mayafi ta zo. Waɗanda suka kai ƙofa suka tsaya da bokitai a ka. Na zura hannun, na yi bisimilla, na danna da duk jikina. Juyin farko kamar zan tsinke. Na biyu ya ɗan saki. Daga nan tayar ta fara taimakona, tana jan hannuna da kanta, ni dai ina bi ina ƙara mata. Hannun da ya yi shekaru yana daka yana jan guga bai manta aiki ba. Ban san komai a kan inji ba, amma wannan kukan na tayar idan ta kai, na fi kowa saninsa a duniya, don shi nake saurare kowace safiya. Na bari ya kai, na ƙara bari.

“Saki.”

Ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Hayaƙi ya cika rumfar, ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafata kamar kullum. Na zare hannun na jingina shi da bango. Wata yarinya ta fara guɗa, Mairo ta daka mata harara ta haɗiye. Ni ban ji daɗin komai ba. Na ja bokitin farko na fara zubawa.

Ina cikin aiki na ga wucewar Isyaku mai ɗori ta zaure, na ga fitarsa. Ya leƙo ya ce tsagewar ƙashi ce, ya ɗaure, sai an yi makonni ba a motsa shi ba, kuma a shekarun Malam kar a yi gaggawa. Ya dubi injin da ke aiki, ya dube ni, ya tafi. Ban samu kaina ba sai da hantsi ya yi, layin ya ƙare. Na rage wa injin wuta na bar shi yana aiki, don masu niƙan dawa suna tafe, kuma ban san ko zan iya sake tayar da shi ba.

Na wanke hannu, na dama kunu, na shiga da sallama. Yana kwance a rigingine, hannun a ɗaure da karare a kan cikinsa. Na ajiye kofin na zauna a ƙasa kusa da gadon. Ta bango ana jin bugun injin, har kwanukan da ke kan kabad suna ɗan kaɗawa.

“Sannu, Malam. Yaya hannun?”

“Da sauƙi.” Ya kasa kunne ga bugun injin. “Wa ya tayar?”

“Ni ce.”

“Wa ya riƙe miki liba?”

“Mairo.”

Ya gyaɗa kai. Na jira faɗa, na ma fi son ya yi faɗan. Bai yi ba.

“Ya ba ki wahala?”

Na ce, “Wahala kai. Na gwada na kasa, na gwada na kasa, har na ce su tafi. Sa'a ce kawai, kuma ka riga ka ɗumama shi. Dubi hannuna, har yanzu rawa yake yi.”

Na miƙa masa hannun ya gani, ina girgiza shi kaɗan. Ya dube shi, ya daɗe yana dubawa.

“Rahinatu, ina nan kwance ina ji. Kamu ɗaya kika yi masa.”

Na sauke hannuna. Na ce ya tashi ya sha kunun tun da zafinsa, ya ce in ajiye zai sha.

“Gobe in kin idar da salla kar ki jira ni,” ya ce. “Kuma ki riƙa ajiye babban yatsanki gefe ɗaya da sauran, kar ki zagaye ƙarfen da shi. In ya dawo da baya sai ya fice daga hannunki.”

“To, Malam.”

Daga waje wata ta yi sallama, masu dawa sun iso. Na miƙe, gwiwoyina suna ƙara. Na kai bakin ƙofa ya kira ni, na juyo. Ya riga ya mayar da fuskarsa wajen bango.

“Ja mini ƙofar,” ya ce. “Ƙarar ta yi yawa.”